Takardar Tambayar Mai Raunin Ƙwaƙwalwa: Daga Faris Zuwa Kano

A shekarar 1914 likita Joseph Babinski ya bayyana wa takwarorinsa a Faris cewa wasu masu shanyewar ɓarin jiki ba su san hannunsu na hagu ya mutu ba, har musu suke yi idan aka gaya musu. Tun daga nan tambayar take: yaya za a amince da shaidar ƙwaƙwalwar da ita ce ta yi rauni?

An daɗe ana barin hukunci a hannun likita. Ma'aunin Glasgow, wanda Teasdale da Jennett suka fitar a 1974, buɗe ido da magana da motsi yake dubawa. Sai dai mantuwa da jiri da saurin fushi ba su cika bayyana ga mai kallo ba. Don haka a 1995 aka wallafa takardar Rivermead a Ingila, mai alamomi 16, inda majinyaci da kansa yake kwatanta halinsa da na kafin rauni. A 1999 kuma Pamela Duncan da abokan aikinta suka fitar da Stroke Impact Scale a Amurka. Zubinta na uku yana da tambayoyi 59.

Wannan zubin ne Ashiru Hamza Mohammad da abokan bincikensa suka gwada da Hausa a kan majinyata a Kano, suka wallafa sakamakon a 2014. Ƙa'idar irin wannan aiki ita ce a fassara, wani dabam ya mayar da fassarar Turanci don a ga abin da ya zube a hanya, sannan a maimaita tambayoyin bayan ɗan lokaci a ga ko amsa ta tsaya.

A nan ɗalibin Hausa yake da ta cewa. "Damuwa" ta haɗiye fargaba da ɓacin rai, abubuwan da takardar asali take rarrabewa. "Baƙin ciki" kuwa yakan nufi hassada. Ga kuma al'ada: a tambayi Bahaushe jiki, ya ce "da sauƙi" ko yana kan gargara, balle idan ɗansa ne yake karanta masa takardar.

Ingancin da aka tabbatar a Kano bai wuce da kansa zuwa Maradi ba, balle Njamena, inda Hausa take zaune tsakanin Larabcin Chadi da Faransanci. Kowane wuri sai an sake gwaji da bakin mutanensa.