Agogon Suwizalan Ko Na Japan: Daga Ina Gardamar Ta Faro?

Wani abokina ya tara kuɗin sayen agogon hannu na ƙasaita, ya tsaya yana wasiwasi tsakanin Rolex na Suwizalan da Grand Seiko na Japan. 'Yan majalisarmu suka yi masa caa, wai ai na Japan agogon batir ne na araha. Maganar ta tsaya mini a rai.

Sana'ar agogo ta kafu a Jeniba ta Suwizalan tun ƙarni na 16, lokacin da malamin Kirista John Calvin ya hana sanya kayan ado, maƙeran zinariya suka koma ƙera agogo, 'yan gudun hijira daga Faransa kuma suka zo da gwanintarsu. Japan ta makara ƙwarai, don sai a 1881 Kintaro Hattori ya buɗe shagon sayarwa da gyaran agogo a Tokyo, wanda ya haifi Seiko.

Abin da aka fi faɗa shi ne da araha Japan ta durƙusar da Suwizalan. Ni dai ban yarda ba. A 1964 Seiko ya shiga gasar daidaiton lokaci ta Neuchâtel, ya ƙare a matsayi na 144. Shekara huɗu kacal bayan haka, a gasar Jeniba ta 1968, agogunansa da ake wanawa da hannu suka kwashe matsayi na 4 zuwa na 10, ukun farko kuwa duk masu batir ne. Ashe tun kafin agogon batir ya mamaye kasuwa Japanawa sun kamo iyayen gidan sana'ar a aikin hannu zalla. Shi kansa Astron na Seiko, agogon hannu mai batir na kwaz da ya fara shiga kasuwa ranar 25 ga Disamba 1969, yen 450,000 aka sa masa, kuɗin mota guda.

Arahar daga baya ta biyo, ta kuma yi ɓarna: ma'aikatan agogo a Suwizalan suka ragu daga kusan 90,000 a 1970 zuwa kimanin 30,000 a shekarun 1980. Agogon Swatch na 1983 ya taimaka wajen ceto su, manyan kamfanonin kuma suka koma tallar tarihi da suna, suka ɗaga farashi. Wannan sunan ne ke riƙe darajar Rolex a kasuwar na-hannu har yau.

Don haka na ce wa abokina, in yana tunanin sayarwa wata rana, ya ɗauki Rolex. In kuwa ingancin aiki yake nema a kan kuɗinsa, Grand Seiko ya fi masa.