Makaranta da Asibiti a Hartum da Umdurman, da Abin da Ya Haɗa Su da Ƙasar Hausa

A inda kogunan Nilu biyu suka gamu, wato wanda ya gangaro daga duwatsun Habasha da wanda ya fito daga wajen Uganda, akwai birane biyu suna duban juna. Hartum tana tsakanin kogunan, Umdurman kuwa tana hayin yamma. Kakanninmu sun san ƙasar nan tun ba a yi jirgin sama ba, gama ta cikinta alhazai suke bi da ƙafa zuwa Makka. Waɗansu sukan yi shekaru a hanya, waɗansu kuma su zauna can ba su komo ba. Hanyar nan da ta kai talakawanmu gabas, ita ce kuma ta kawo mana malamai da tsarin makaranta da littafin doka. A nan za mu bi tarihin makaranta da asibiti a biranen nan biyu, mu ga abin da ƙasar Hausa ta samu daga gare su, sa'an nan mu duba rabon Hausawan da suke zaune can.

Bayan Yaƙin Karari

Ran 2 ga Satumba 1898 rundunar Kitchener ta ci mayaƙan Halifa Abdullahi, magajin Mahdi, a filin Karari kusa da Umdurman. A 1899 aka sa ƙasar ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar, ko da yake Ingilishi ne suke riƙe da linzami. Sabuwar gwamnati tana bukatar akawuna da malamai da alƙalai da masu awon ƙasa, kawo su daga waje kuwa yana da tsada. Saboda haka aka tara kuɗi a Ingila, aka gina Kwalejin Gordon a Hartum, aka buɗe ta a 1902. Manufarta a fili take: a koyar da yara kaɗan, gwargwadon guraben aikin gwamnati. Wannan kwaleji ce ta zama Jami'ar Hartum a 1956.

A Umdurman aka kafa makarantar ilmin addinin Musulunci a 1912, wadda ta zama jami'a a 1965. Karatun 'yan mata kuwa, wani tsohon mayaƙin Mahdi ne ya buɗe masa ƙofa. Sunansa Babikir Badri. A 1907 ya fara makaranta a gidansa a garin Rufa'a da 'yan mata 17, tara daga cikinsu na gidansa ne, sauran na maƙwabta. Mutane sun yi ta surutu, bai fasa ba. Ɗansa Yusuf Badri ya kafa Kwalejin Ahfad ta mata a Umdurman a 1966, ta zama cikakkiyar jami'a a 1995.

Likita da Ungozoma

Wajen lafiya ma an fara da wuri. A 1903 aka buɗe ɗakin binciken cututtuka na Wellcome a cikin ginin Kwalejin Gordon, a hannun Likita Andrew Balfour, wanda ya sa ma'aikata suna bin kududdufai suna kashe ƙwayayen sauro. A asibitin Hartum ne Likita John Christopherson ya gwada allurar da ta zama maganin tsargiya na fari mai aiki, ya kuma bayyana sakamakon a 1918. Makarantar likitoci ta Kitchener ta fara a 1924, ɗalibanta na fari suka fita a 1928.

Amma aikin da ya fi shiga gidajen talakawa shi ne makarantar ungozoma ta Umdurman, wadda Mabel Wolff ta buɗe a 1921, daga baya 'yar'uwarta Gertrude ta zo ta taimake ta. Matan da aka ɗauka ba su iya karatu ba, waɗansu ma tsofaffin ungozomomin gargajiya ne. Maimakon a kore su, sai aka bi da su ta hanyar da za su gane. Aka koya musu bambanta magunguna ta wari da ɗanɗano da taɓawa, aka koya musu wanke hannu da tafasa almakashi, da sanin lokacin da haihuwa ta fi ƙarfinsu. Wadda ta gama akan ba ta akwatin ƙarfe da kayan aiki a ciki, ta koma garinsu. Wata daga cikin ɗaliban, Batul Muhammad Isa, ta zama malama a makarantar, ta horar da mata masu yawa. Da ƙaramin kuɗi aka yi wannan aiki, ya kuwa ceci rayukan uwaye da jarirai.

Rabon Mishan

'Yan mishan na Katolika sun riga kowa zuwa, shugabansu Daniel Comboni ya rasu a Hartum a 1881. Bayan yaƙin Karari, Llewellyn Gwynne da Likita Harpur na mishan ɗin CMS suka iso a ƙarshen 1899, 'yan mishan na Amurka kuma a 1900. Gwamnati ta hana su wa'azi ga Musulmi a arewacin ƙasar, don tana tsoron kada wutar Mahdi ta sāke tashi. Mai karatu zai tuna haka aka yi a masarautun Nijeriya ta Arewa, inda Likita Miller ya zauna cikin birnin Zariya bisa sharuɗɗa, har aka mai da mishan Wusasa wajen 1929.

Da aka rufe ƙofar wa'azi, sai mishan suka ba da ƙarfinsu ga makaranta da magani. Suka buɗe makarantun 'yan mata, Katolika suka kafa Kwalejin Comboni a Hartum a 1929, CMS kuma ta gina asibiti a Umdurman. Iyaye Musulmi da yawa sun kai 'ya'yansu makarantun nan, 'ya'yan suka fita suna Musulminsu. Asibitin CMS ya yi aiki har 1971, sa'an nan ginin ya koma hannun gwamnati, ya zama asibitin masu taɓin hankali mai sunan Likita Tijani al-Mahi.

Abin da Ya Zo Mana Daga Can

Da Ingilishi suka so fara makarantun gwamnati a Nijeriya ta Arewa, sai suka dubi Sudan, gama a ganinsu ƙasashen biyu sun yi kama. Aka aiki Hanns Vischer, wanda Kanawa suke kira Ɗan Hausa, ya dubo makarantun Masar da Sudan, ya komo ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. A 1934 aka kafa makarantar koyon shari'a a Kano, aka ɗauko malamanta daga Sudan, cikinsu har da Shehu Bashir al-Rayyah. Ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, alƙalai da malamai da yawa na Arewa daga cikinta suka fito.

Ɗalibai kuma suka fara tafiya can. Kwalejin horar da malamai ta Bakht al-Ruda, wadda aka kafa a 1934 a gefen Farin Nilu kudu da Hartum, ta karɓi 'yan Arewa, cikinsu da Malam Abubakar Gumi a 1954. A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kwamitin masana don gyaran shari'a, shugabansa kuwa Babban Jojin Sudan ne, Muhammad Abu Rannat. Bisa shawararsu aka tsara kundin hukunta laifuffuka na Arewa a kan samfurin na Sudan, ya fara aiki a 1960. Alƙalin Alƙalan Arewa na fari ma, Shehu Awad Muhammad Ahmad, mutumin Sudan ne, shi Gumi ya gāda a 1962. Shaihin malami Abdullahi al-Tayyib ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano daga 1964 zuwa 1966. Ashe zumuncin ƙasashen nan biyu ya girmi ofisoshin jakadanci, a aji da ɗakin shari'a aka ƙulla shi.

Hausawan da Suke Can

To, ina rabon 'yan'uwanmu da suka zauna a Sudan? Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya bi da sauran jama'a gabas, suka zauna a gefen Shuɗin Nilu wajen 1906, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka bukaci hannuwa, alhazai masu neman guzuri suka cika su. Mutanen ƙasar suna kiransu Fallata ko Takari, ba su rarrabe Bahaushe da Bafillace da Babarbare. Audugar da suka tsinka tana cikin manyan abubuwan da suka cika baitulmalin da ake gina makarantu da asibitoci da shi.

Duk da haka 'ya'yansu kaɗan ne suka shiga makarantun. Dalili na fari shi ne takardar zama ɗan ƙasa. Dokar 1948 da ta 1957 sun bukaci mutum ya nuna kakanninsa suna zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897, yawancin Hausawa kuwa bayan wannan suka zo. Wanda ba shi da takarda, da wuya ya sami aikin gwamnati ko gurbi a babbar makaranta. Sai dokar 1994 ta sauko da ma'aunin zuwa 1 ga Janairu 1956, ranar da Sudan ta sami mulkin kai. Dalili na biyu daga wajen iyaye ne. Da yawansu suna ɗaukar kansu matafiya, gobe ko jibi za su wuce Makka, saboda haka makarantar allo ta ishe su. Zaman jiran gobe ya kai jikoki. A Hartum suka zauna a unguwar bukkoki da ake kira Ishash Fallata, har gwamnati ta tashe su zuwa kudancin birnin a farkon shekarun 1990. Maganar ko su 'yan ƙasa ne ko baƙi ba ta mutu ba, gama ita ce tushen rikicin jihar Shuɗin Nilu a Yuli 2022, sa'ad da aka kashe mutane da yawa, Hausawa kuma suka yi zanga-zanga a Hartum da waɗansu garuruwa.

Siyasa Ta Shiga Aji

Bayan mulkin kai, kowace gwamnati ta so ta haɗa kan ƙasar ta hanyar makaranta, da harshe ɗaya da manhaja ɗaya. A 1957 aka karɓe makarantun mishan na Kudu, a 1962 aka yi dokar taƙaita aikin mishan, a 1964 kuma aka kori 'yan mishan baƙi daga Kudu. Mutanen Kudu suka ga ana so a shafe su ne, yaƙi ya ƙara zafi. Yarjejeniyar Adis Ababa ta 1972, wadda majalisun ikkilisiyoyi suka taimaka wajen ƙullawa, ta kawo salama shekara 11. Da yaƙi ya komo a 1983, 'yan gudun hijira suka cika bayan Hartum da Umdurman. A 1986 Babban Bishop Gabriel Zubeir Wako ya fara musu makarantu a rumfunan tabarma, inda dubban yara suka koyi karatu.

Gwamnatin Umar al-Bashir, wadda ta hau a 1989, ta mai da Larabci harshen koyarwa a jami'o'i, ta kuma buɗe sababbin jami'o'i da yawa cikin 'yan shekaru, ba tare da isassun malamai da kayan aiki ba. A farkon shekarun 1990 aka fara karɓar kuɗi a asibitocin gwamnati da dā suke kyauta, likitoci masu yawa kuma suka tafi neman aiki ƙasashen Larabawa da Ingila. A 1992 Cibiyar Musulunci ta Afirka ta zama Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa, ɗalibai daga Kano da Sakkwato da Borno suka riƙa zuwa, waɗansu don Larabci, waɗansu don aikin likita. Kudu kuwa, wadda aka so a riƙe ta da manhaja, ta ɓalle a 2011.

Ran 15 ga Afrilu 2023 faɗa ya ɓarke a tsakiyar Hartum tsakanin sojan gwamnati da rundunar RSF. Aka rufe makarantu, aka washe jami'o'i, yawancin asibitocin birnin suka daina aiki. Asibitin al-Nau na Umdurman yana cikin kaɗan da suka ci gaba da karɓar masu rauni. A Oktoba na shekarar, hukumar UNICEF ta ce yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a ƙasar. Nijeriya ta kwaso mutanenta fiye da 2,000, galibinsu ɗalibai, ta iyakar Masar da ta Port Sudan. Hausawan da aka haifa can ba su da fasfon da zai sa su cikin motocin nan, suka gudu tare da maƙwabtansu ko suka zauna cikin wuta. Soja suka karɓe Hartum a Maris 2025, cutar kwalara kuma ta biyo baya saboda lalacewar ruwan sha.

Abin Lura

Abu uku ne suka fito daga wannan tarihi. Na ɗaya, aikin da ya bi mutane inda suke, kamar na Babikir Badri da na makarantar ungozoma, ya yi saiwa ko da kuɗinsa kaɗan ne. Na biyu, makaranta takan raba ƙasa idan aka mai da ita sandar tilasta wa mutane harshe ko addini, ko kuwa aka tsaya a ƙofarta ana tambayar asalin kakan yaro. Wannan ya shafe mu, gama a jihohinmu ma yaron da aka haifa a gari yakan rasa gurbi don ba shi da takardar shaidar asali. Na uku, abin da aka gina cikin shekara 120 ya lalace cikin 'yan watanni da shugabanni suka ɗauki bindiga. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙasar da ta aiko mana malamai sa'ad da ba mu da su, ta kuma ciyar da alhazanmu a hanya, ta cancanci mu san halin da take ciki, mu kuma riƙa tunawa da 'yan'uwanmu da suke can.