Kuɗin Alli

Na fara riƙe alli a 1977, shekara guda bayan Obasanjo ya buɗe shirin UPE na ilimin firamare ga kowa. Dattawan da na tarar ba su da hira sai ta zamanin En'e, lokacin da haraji da jangali ke ɗaukar nauyin makarantar elemantare. Mu kam kuɗin mai muka tarar. Yara sun cika azuzuwa har gindin bishiya, amma kowane zango mota na sauke alli da rajista da littattafan rubutu, hedimasta ya sa hannu kawai.

Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, motar ce ta fara ɗaukewa. Abin da ya rage duk aka tattara shi kan albashi, shi ma sai a haɗa watanni ba a gan shi ba. Daga nan aka shiga wasan 'yar jifa da makarantar firamare: a 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar NPEC mai kula da ilimin firamare, a 1991 ta rushe ta ta miƙa mu ga ƙananan hukumomi, a 1993 aka sake dawo da ita. Uban gida ya yi ta canzawa, rabon bai canza ba. Albashi ya kwashe kusan komai, ɗan abin da ya saura a yafa wa gyaran rufi.

Shirin UBE na ilimin tushe ga kowa da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 ya buɗe wata ƙofa. Dokar 2004 ta ware masa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, kuma jiha ba ta taɓa tallafin gini sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta. An yi gine-gine, ba na musu. Sai dai kuɗin kwangila ne, daga ofis yake zuwa hannun ɗan kwangila. Hedimasta sai ya wayi gari ya ga ana sauke yashi, alhali shi masai yake nema.

To ina kuɗin alli? A tsawon shekarun da na yi hedimasta, daga iyayen yara yake fitowa, ta hannun ƙungiyar iyaye da malamai ta PTA, daga baya kwamitin kula da makaranta na SBMC ya shigo. Naira hamsin nan, ɗari can, da ita ake sayen tsintsiya da kwaɗon ƙofa. Shekarar da aka sanar an hana karɓar ko sisi daga iyaye, sabon ajinmu mai fenti ya yi mako biyu ba a rubuta komai a allonsa ba, sai da malamai muka yi karo-karo ranar albashi.