Tsakanin cin tara da sa kwaɗo

Idan jami'an hukuma suka shiga gidan mai suka tarar babu tukunyar kashe gobara, babu bokitin yashi, ko kuma ana sauke tanka alhali famfo bai daina zuba wa motoci ba, hanya biyu ce a gabansu. Ko dai su ci mai gidan tara, ko su dakatar da lasisinsa. A jarida ana jera su kamar Hassan da Hussaini, a ce duk "hukunci" ne. Amma sunayen da muke kiransu da su sun riga sun nuna cewa ba aiki ɗaya suke yi ba.

A rubutun boko kalmomi uku ne suka haɗu a "tara": lambar da ke bin takwas, da tattara abu wuri ɗaya, da kuɗin da ake karɓa a hannun mai laifi. Karin murya da tsawon wasali ne ke raba su a baki. Abin lura yana ga aikatau ɗin da ke rakiyar ta ukun. Ba a ba mutum tara, cin sa ake yi: "an ci shi tara". Wannan "ci" shi ne na cin riba da cin kasuwa, shi ne kuma na cin hanci. Duk inda aka ci, akwai wanda ya ƙoshi.

Tsohon zargi ne wannan. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa halayen sarakunan Hausa da yake suka, har da gaisuwa da jangali, da kuma yadda suke mayar da hukuncin laifi ya zama karɓar dukiyar mai laifin. Da Turawa suka zo suka kafa baitulmalin En'e, tarar kotun alƙali ta samu rasit da littafin shigarwa, sai dai ba ta fasa zama kuɗin shiga ba. Har yau hukumomi da sunan nan suke lissafa ta. Hukumar da ke sa ran tara a kasafinta kuwa, ba ta da dalilin gaggawar ganin laifin ya ƙare.

Kada a haɗa tara da diyya, ko da yake mutane na yin haka. Diyya kalmar Larabci ce ta fiƙihu, tana zuwa bayan ɓarna, kuma hannun wanda aka cuta ko magadansa take shiga. Tara asusun hukuma take nufa, kuma ana iya cin ta tun wuta ba ta tashi ba. Labarin da ya fi fito da bambancin a fili ya faru ne a birnin New York na Amurka. Ranar 25 ga Maris, 1911, gobara ta tashi a masana'antar ɗinkin riguna ta Triangle, ta kashe ma'aikata 146, akasarinsu 'yan mata baƙi 'yan ci-rani. Da yawa sun mutu ne saboda an kulle ƙofar fita. Kotu ta wanke masu kamfanin, Max Blanck da Isaac Harris, daga tuhumar kisa. Da aka sasanta ƙararrakin iyalai, diyyar ta tsaya kan dala 75 a kan kowane rai. A 1913 aka sake kama Blanck ya kulle ƙofar wata masana'antarsa a lokacin aiki. Tarar da aka ci shi dala 20 ce.

Dala ashirin ba horo ba ce ga mai masana'anta, farashi ne. Nan ne raunin tara yake: adadi ne da aka rubuta a doka, dokar kuma ba ta tafiya da kasuwa. Dokar da ta kafa hukumar kashe gobara ta tarayya a Nijeriya ta 1963 ce, shekara goma kafin a fara kashe naira. Ko a baya-bayan nan, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 ta haura naira 1,000 a 2024. Duk tarar da aka yanke kafin nan ta rame, cinikin gidan mai kuwa ya ninka.

Dakatarwa daga "dakata" ta fito, wato tsaya tukuna. Kalma ce mai wa'adi a cikinta, mai kuma sharaɗi: gyara ka dawo. Ta sha bamban da sokewa, wadda ba ta da komowa, da ƙwacewa, wadda ke nuna ƙarfi kawai ba ta faɗi ko za a mayar ba. Masu fassarar labarai kan cakuɗa ukun nan, mai sauraro ya kasa sanin ko gidan man zai buɗe mako mai zuwa ko ya tafi ke nan. A titi ba wanda ke wahalar da kansa da wannan. Abin da ido ya gani ake faɗa: an rufe, an garƙame, an sa kwaɗo. Tsohuwar hukumar DPR ta yi suna wajen garƙame gidajen mai, kuma tun bayan dokar man fetur ta 2021 aikin ya koma hannun hukumar NMDPRA.

A ganina, inda rai ke cikin haɗari kwaɗo ya fi rasit. Rufewa tana auna kanta da girman ciniki: mai famfo biyu ya yi asarar cinikin famfo biyu, mai famfo ashirin na ashirin, ba tare da an gyara ko harafi ɗaya a doka ba. Kuma tana tsayar da haɗarin a ranar, maimakon a karɓi kuɗi a bar shi yana ci gaba da aiki.

Sai dai ba a dakatar da abin da babu shi. "Lasisi", ko "lasin" a bakin tsofaffin direbobi, aro ne daga Ingilishi, kuma a wurin yawancin 'yan kasuwa takarda ce da ake biya a sabunta duk shekara, 'yar'uwar rasit ɗin haraji. Ba ta da nauyin "izini", wanda kowa ya san mai bayarwa na iya janyewa. Ranar da aka garƙame gidan mai a unguwa, yaran da ke zuba mai su rasa na abinci, masu babura kuma su koma wajen 'yan bumburutu, masu jera galan da jarka a bakin titi, wani lokacin daura da mai suyar ƙosai. Waɗannan ba su da lasisin da za a taɓa, abin da ake yi musu sai ƙwace kaya ko karɓar na goro.

Haka abin yake a kasuwanni. Gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris na 2016 ta faɗa ne a kan irin wurin da kowane shago ke da nasa janareta da nasa jan waya, an kuma cike hanyoyi da rumfuna har motar 'yan kwana-kwana ba ta samun shiga. Takardar da mai shago ke riƙe da ita ta haya ce da ta haraji, ba ta da alaƙa da wuta. Wanda ya kamata a dakatar a nan shi ne wanda ya yanka hanyar motar kashe gobara ya raba ta rumfuna, kuma a kasuwannin gwamnati wannan ikon yana hannun hukumar kasuwar ne da kanta.