Jirgin ƙasan fasinja na Yawunde zuwa Ngaundere

Jirgin Yawunde zuwa Ngaundere jirgin ƙasa ne na dare da ke haɗa babban birnin Kamaru da arewacin ƙasar. Tsawon layin kilomita 622 ne, kuma ya isa Ngaundere a 1974. Kamfanin Camrail ke gudanar da shi tun 1999.

A Ngaundere dogo ya ƙare, saboda haka matafiya daga Garwa, Marwa da Tuboro, har da 'yan Chadi masu biyo hanyar Mundu, sukan zo tashar da mota. Yawan fasinja kan ƙaru a lokutan cunkoso kamar hutun makarantu da bukukuwan Sallah. Layin tilo ne, kuma jiragen kaya ma na bin sa, abin da ke taƙaita sauya jadawalin tafiya. Ƙara taragu ya fi sauƙi, amma yana da iyaka.

An ga haɗarin hakan ranar 21 ga Oktoba 2016: bayan katsewar hanyar mota tsakanin Yawunde da Duwala, an ƙara wa wani jirgi mai zuwa Duwala taragu 8 saboda cikar fasinja. Jirgin ya kauce daga layi a Eseka, inda hukumomi suka ce mutum 79 sun rasu.