Faifan farko na MC Solaar (1991) da gadonsa a tarihin waƙar rap

0. Gabatarwa

Maƙasudin wannan ɗan nazari shi ne bin diddigin tasirin faifan farko na MC Solaar, mai suna Qui sème le vent récolte le tempo, wanda kamfanin Polydor ya fitar a Faransa a 1991. Mun zaɓe shi bisa dalilai biyu. Na farko, yana cikin faya-fayan da suka tabbatar cewa ana iya tsara rap da harshen da ba Ingilishi ba, kuma jama'a su karɓa. Na biyu, ya ɓace daga kasuwa kimanin shekara 20, amma tasirinsa bai yanke ba. Za mu duba asalinsa, da salonsa, da hanyoyin da gadonsa ya bi.

1. Mawaƙin da zamaninsa

An haifi Claude M'Barali a Dakar a 1969. Iyayensa ƴan asalin Cadi ne; yana jariri suka kai shi Faransa, ya girma a unguwannin bayan birnin Paris, musamman Villeneuve-Saint-Georges. Ko kafin ya fito, rap ya riga ya shiga ƙasar: tun 1984 tashar talabijin ta TF1 ta nuna shirin H.I.P. H.O.P. na Sidney, a ƙarshen shekarun 1980 kuma Dee Nasty da Lionel D suna ba matasa dama a gidan rediyon Nova. Duk da haka, har 1990 yawancin masu sauraro suna ɗaukar rap a matsayin kayan aro daga Amurka, wasu ma na ganin Faransanci bai dace da wannan kiɗa ba. A wannan shekarar waƙarsa "Bouge de là" ta fito, an gina ta kan kiɗan da aka tsakuro daga ƙungiyar Cymande, ta kuwa samu shiga gidajen rediyo.

2. Salon faifan

Sunan faifan kansa yana nuna dabarar mai shi. Karin maganar Faransawa ce ya ɗauko, mai nufin wanda ya shuka iska guguwa zai girba, ya cire kalmar guguwa ya sa ta bugun kiɗa, domin kalmomin biyu sun yi kama a furuci. Irin wannan wasa da kalmomi shi ne ginshiƙin aikin. A Ingilishi kowace kalma tana da gaɓarta mai nauyi, wadda mawaƙi ke jingina ta da bugun ganga. A Faransanci kuwa nauyin yakan faɗa a ƙarshen gungun kalmomi. Solaar ya mayar da wannan bambanci abin amfani: ya yawaita amsa-amo a cikin ɗango, ya jera kalmomi masu sauti ɗaya da ma'ana daban, yana rerawa a natse, ba da hargowa ba.

Jigoginsa na rayuwar yau da kullum ne. "Caroline" waƙar soyayya ce da aka saƙa da sunayen karta, "Victime de la mode" tana ba da labarin budurwar da kwalliyar zamani ta bautar, "Armand est mort" kuma tana magana kan mutuwar wani wanda talauci ya kayar. Jimmy Jay da Boom Bass ne suka haɗa kiɗan, Philippe Zdar ya kula da sauti, suka ɗora kalmomin kan jaz da soul. An sayar da fiye da kwafi 400.000.

3. Hanyoyin gado

A Faransa, faifan ya buɗe wa rap ƙofar gidajen da ba su taɓa sauraronsa ba. Wannan bai hana suka ba: a 1991 ɗin NTM da IAM suka fitar da nasu faya-fayan na farko, kuma masu son zafin murya irin na NTM sun zargi Solaar da sanyi. Amma da dokar 1994 ta wajabta wa gidajen rediyo sanya kashi 40 cikin 100 na waƙoƙin Faransanci, ta fara aiki a 1996, sai ta tarar da masu sauraro a shirye. A 1998 Académie française ta ba shi babbar lambar yabo ta waƙa. Boom Bass da Zdar kuwa sun kafa ƙungiyar Cassius daga baya.

A Amurka, Guru ya gayyace shi cikin faifan Jazzmatazz a 1993, inda aka ji Faransanci da Ingilishi kafaɗa da kafaɗa cikin waƙa guda.

Hanya ta ukku ita ta fi shafar mu. A 1992 Solaar ya yi wasa a Dakar, ƙungiyar Positive Black Soul ta Didier Awadi da Amadou Barry ta buɗe masa fage, shi kuma ya taimaka mata ta samu fita waje. Faifanta Salaam na 1995 ya haɗa Wolof da Faransanci da Ingilishi. A ganinmu darasin ɗaya ne: idan Faransanci ya iya ɗaukar rap, Wolof ma zai iya. Ƙungiyoyin Nijar irin su Lakal Kaney da Wass Wong, masu haɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci, sun taso ne bayan an share wannan hanya.

4. Ɓacewa da dawowa

Saɓani ya shiga tsakanin mawaƙin da Polydor kan yadda aka fitar da faya-fayansa na 1997 da 1998, magana ta kai kotu. Sakamakon haka, daga farkon shekarun 2000 aka daina buga faya-fayansa na farko, kuma ba su shiga dandalin sauraro na intanet ba. Sai a watan Yuli na 2021 aka sake fitar da faifan 1991, bayan ɓangarorin biyu sun daidaita.

5. Kammalawa

Abin da muka gano shi ne, matasan da suka taso tsakanin 2000 da 2021 sun gaji salon faifan ta bakin waɗanda suka koya daga gare shi, da tsofaffin kaset, alhali sabon bugu ba ya samuwa. Wannan ya bar wa masu nazarin waƙa a Nijar aiki na gaggawa: tattara kaset-kaset na rap ɗinmu na farko, da tantance mai haƙƙin kowanne, tun masu su suna raye.