Daddawa a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Daddawa mahaɗin miya ce da ake sarrafawa daga kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, itaciyar da manoman Gwarzo da Kabo a yammacin Jihar Kano suka saba bari a tsaye cikin gonaki saboda yawan fa'idarta. Bisa al'ada sana'ar mata ce, kuma tana bukatar haƙuri matuƙa, domin sai an dafa kalwa tsawon yini har ta yi laushi, a surfa ta a turmi, a wanke ƙaiƙayin, a sake dafawa, sa'an nan a zuba a ƙwarya ko kwando a lulluɓe da ganye kwana biyu ko uku har ta ruɓa, kafin a kirɓa a shanya a rana. Wannan ruɓewa, wadda masana suka tabbatar aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, ita ce asalin ƙamshinta da ɗanɗanon da ke maye gurbin nama, har miyar kuka ko kuɓewa ta wadatu ba tare da tsoka ko ƙashi ba, abin da ya zama rahama ga talaka.

Akwai kuma daddawar batso, ta 'ya'yan yakuwa, mai ƙarfin wari. A kasuwar Getso da ke ƙasar Gwarzo ana samun daddawa tare da citta, kanumfari, masoro da kimba. Dunƙulen Maggi ya rage mata kasuwa, amma a haƙiƙa bai kai ta zurfin ɗanɗano ba.